Don Fermín, Wanda Ruwan Filas Ya Yi Ajalinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hammatar hagu mai cike da nadama, ni Elbio Techera, mazaunin unguwar La Teja a Montevideo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu motocin lantarki da ke bin Hanya ta Biyar rasuwar abokin tafiyata, Don Fermín, mahaɗin cajin motata, wanda masu shago ke kira adafta. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, a gindin na'urar cajin gaggawa ta Paso de los Toros, ana tsuga ruwa. Ya rasu yana da shekara uku da wata biyu, nauyinsa kilo ɗaya da rabi, bayan gajeriyar jinya wadda ni da kaina na jawo masa.

An haifi marigayin a ƙasar Sin, inda aka haifi motata Chela. Ita Chela ta zo da bakin caji irin na ƙasarsu, na'urorin hanyoyinmu kuwa nasu bakin daban, don haka tun ranar farko ba sa ga maciji da juna. Don Fermín ne ya tsaya a tsakaninsu, bakinsa ɗaya a jikin mota, ɗaya a jikin igiyar na'ura, yana karɓar wuta daga nan yana miƙawa can. Na raɗa masa sunan wani kawuna da ya ƙare rayuwarsa yana sasanta dangi, wanda shi ma jikinsa kan ɗauki zafi idan aikin ya yi masa yawa.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata. Haƙoran roba nake kaiwa. Akwai wani ɗakin haɗa haƙora a Montevideo da ya yarda da ni shekara ashirin da shida, duk mako biyu in ɗauki akwatunan bakunan mutane in kai wa likitocin arewa har Rivera, kilomita ɗari biyar, in kwana, in dawo da ma'aunin sabbin dasashi. Mutumin da ya sayar min da Chela ya rantse cewa tana cin kilomita ɗari huɗu a caji ɗaya. Wataƙila a garinsu hanya gangare ce zuwa da dawowa. A tamu dai, idan iskar arewa ta taso, tun kafin ɗari biyu da saba'in take fara haki. Saboda haka Paso de los Toros, da ke tsakiyar tafiya, ya zama min wajibi. Ina isa can da kashi shida ko bakwai cikin ɗari a batir, na kashe rediyo, na kashe na'urar sanyi, na laɓe a bayan babbar motar katako don ta tare min iska, ko numfashi mai ƙarfi ba na yi.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Idan na zaunar da shi a bakin Chela sai ya ce, "Ƙwas!" Wannan ita ce sallamarsa. Idan wuta ta fara shiga sai ya ɗauki wani gunaguni a hankali, "Hmmmm," irin na dattijon da aka kawo masa ƙarar da ya riga ya san ƙarshenta. Bayan minti goma kansa ya yi zafi, sai ya ce, "Tik, tik, tik," ya rage wutar zuwa rabi. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan a shekara uku, kuma ban taɓa jin ya yi gulmar kowa ba.

Halinsa na farko da zan yaba shi ne rashin gaggawa. Cajin da wasu ke gamawa a minti ashirin da biyar, ni da Don Fermín sai mun yi hamsin da biyar. A zafin watan Janairu, wanda shi ne bazara a ƙasarmu, mun taɓa yin awa ɗaya da minti goma. Mutane da yawa sun kira wannan aibi. Ni kuwa shi na sa a gaba a jerin kyawawan halayensa, kuma tunda shi ya tafi, babu sauran dalilin ɓoye abin da ya sa.

Taku goma sha biyu daga na'urar cajin akwai rumfar Doña Nibia Cardozo, mai soya torta. Tana murza ƙullun fulawa, ta huda tsakiyarsa da ɗan yatsa, ta jefa cikin kitsen saniya, ta barbaɗa sukari ga mai so. Mijinta ya rasu shekara goma da suka wuce, ni kuma tawa matar shekara takwas. Ranar da na fara tsayawa a wurin, Don Fermín ya yi zafi har na kasa taɓa shi, ina ta zagaya mota ina hura masa iska da hulata. Sai ta leƙo daga rumfa ta ce, "Bawan Allah, shayi ne kake hura shi? Ungo wannan." Ta miƙo min jiƙaƙƙen tsumma, na naɗa masa a kai, ta nuna min benci. Na zauna, na cika ƙoƙon mate, ganyen shayin ƙasarmu da ake sha ana miƙa wa juna, da ruwan zafin filas ɗina, na miƙa mata, ta zuƙe ta ce ruwan ya yi zafi da yawa, na ƙona ganyen. Tun rasuwar matata ba wanda ya yi min faɗa a kan ruwan mate. Har na isa Rivera ina murmushi ni kaɗai.

Ina son Doña Nibia. Shekarata sittin da bakwai, ina kai haƙoran da ba nawa ba ga mutanen da ban sani ba, kuma ina son ta tun daga ranar tsumman nan. Ban taɓa faɗa mata ba. Sau biyu a mako biyu, zuwa da dawowa, nakan zauna a bencinta in yi mata zancen iska, da ramukan hanya, da wanda ya ci ƙwallo. Don Fermín ya san halin da nake ciki, kuma abin da yake iyawa shi ne ya ba ni lokaci. Minti hamsin da biyar yake ba ni kowane zuwa, ko zan yi zuciya in buɗe baki. Ban buɗe ba ko sau ɗaya, shi kuma bai taɓa gajiya ba.

Halinsa na biyu shi ne rufin asiri. Duk mai bin tashoshin caji ya san dokar da ba a rubuta ba: idan batir ya kai kashi tamanin, ka cire ka ba na baya wuri, domin daga nan wutar ɗigo-ɗigo take shiga. Na karya wannan doka sau da yawa, Allah ya yafe min, kuma kowane lokaci marigayin nake ɗora wa laifi. Na tuna wata Juma'a da motoci uku suka yi layi a bayana, ni kuwa ina kan torta ta huɗu. Wani mutumin Salto mai sabuwar mota fil ya tako har rumfar, ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Baba, saniya guda kake gasawa a cikin motar can?"

Na ce, "Ɗana, yi haƙuri, saura kaɗan."

"Wane kaɗan? Tamanin da tara fa allon ya nuna! A tamanin ake cirewa, ko a garinku ba a koya muku ba? Matata na can cikin mota da surukata, tun daga Durazno suke min magana a kan wannan motar da na saya. Ka taimake ni, Baba, don girman Allah."

Na nuna masa Don Fermín da rawanin tsummansa na ce, "Dattijo ne, ba a fizge shi da zafinsa. Sai ya huce."

Doña Nibia ba ta ɗago daga kaskonta ba ta ce, "Wane dattijon daga ciki?"

Mutumin Salto ya zagi Don Fermín, ya zagi masana'antar da ta ƙera shi, ya zagi jirgin ruwan da ya kawo shi. Marigayin ya shanye duka, abin da ya ce kawai, "Tik, tik, tik."

'Yata Solange ma ba ta raga masa ba. Duk Lahadi idan na je cin abinci gidanta sai ta ce, "Baba, wannan abin naka ya tsufa fa. An fito da sabbi, minti ashirin ka gama ka kama hanya. Me kake zaman yi a Paso de los Toros, fili ka saya?" Nakan ce mata zan duba. Ban taɓa dubawa ba. A minti ashirin ko ƙoƙo uku na mate ba a sha ba.

Yanzu na zo kan jinyarsa ta ƙarshe, kuma zan faɗi gaskiya ko da za a yi min dariya.

Ranar Alhamis ɗin na tashi da niyya. Na ce yau sai na faɗa mata. Na sa farar riga da taye, na aske gemu har sau biyu, na maimaita jimlar tun daga Montevideo har na haddace. Da na wuce Durazno sai ruwa ya sauko, na ce alhamdu, ranar ruwa ranar torta ce, za ta kasance cikin nishaɗi. Na isa da kashi biyar a batir, babu kowa a layi.

Na fito kamar yadda kowane ɗan ƙasar nan ke fitowa daga mota: filas a hammatar hagu, ƙoƙon mate a hannun hagu, hannun dama na aiki. Kada wani ya tambaye ni me ya sa ban ajiye filas ɗin ba. Da shi a hammata na kai Solange wurin ɗaurin aurenta, da shi na yi jarrabawar tuƙi, da shi nake jefa ƙuri'a. Mutum ba ya ajiye filas don kawai zai kama igiyar wuta. Na ɗauko Don Fermín a hannun dama, bakinsa na kallon sama, murfin filas kuwa a buɗe tunda yanzu na gama tsiyayawa.

Sai ta leƙo daga rumfa ta ce, "A'a! Don Elbio, yau har da taye? Wa ya mutu?"

Ni kuma, da na shirya zama mutumin kirki tun daga gida, sai na dafe ƙirji da hannun dama na rusuna mata irin rusunawar mutanen da. Filas ya rusuna tare da ni. Ruwan zafi kusan rabin lita ya tafi kai tsaye cikin bakin Don Fermín, bai zube ko ɗigo a ƙasa ba. Shekara hamsin ina tsiyaya ruwa a ƙoƙo, ban taɓa yin saiti irin wannan ba.

Cikina ya ɗuri ruwa, nasa ma haka. Na girgiza shi, na hura shi, na goge shi da taye. Doña Nibia ta fito da lema ta ce, "Kawo shi nan, kada ka kuskura ka sa shi a wuta a jiƙe. Sai an tsotse ruwan." Muka yi shawara irin ta manya. Ta ce ta ji ana binne wayar da ta faɗa ruwa a cikin shinkafa, amma ba ta da shinkafa, fulawa ce da ita, fulawa kuwa za ta zama ƙullu. Ni ne na kawo shawarar da ta kashe shi, kuma zan ɗauki nauyinta har kabarina. Na ce ai babu abin da ya kai ganyen mate shan ruwa, kowa ya ga yadda yake kumbura a ƙoƙo. Ta ce, "Wannan kuma gaskiya ne." Muka farke sabon ƙunshi na kilo guda, muka binne Don Fermín a ciki har wuya, muka ajiye shi kusa da murhu ya ji ɗumi.

Awa biyu ya yi a nan. Da muka tono shi, ganyen ya sha ruwan kamar yadda na faɗa, ya kuma kumbura kamar yadda na faɗa, ya cika kowane rami na bakinsa da koren kunu. Na sosa abin da na iya da tsinken sakace. Na zaunar da shi a bakin Chela, ya ce, "Ƙwas," amma a raunane. Na'urar ta ƙi shi sau ɗaya, ta ƙi shi sau biyu, allon yana ta jan rubutu. A karo na uku na danna shi da gwiwa. Ya ce, "Hmm," gajere. Ya ce, "Tik." Sannan ya ce wata kalma da ban taɓa ji daga bakinsa ba, "Fuuuu," wani siririn hayaƙi ya tashi mai ƙamshin gasasshen mate. Wani direban babbar mota da ya tsaya sayen torta ya shinshina iska ya ce, "Kai, wa ke shan mai kyau haka bai miƙo ba?" Da ya ga fuskata sai ya cire hularsa.

Masu motar da ke jan motocin da suka mutu a hanya suka ce sai bayan awa uku. Wato marigayin, a aikinsa na ƙarshe a duniya, ya ba ni awa biyar cur a bencin Doña Nibia, abin da bai taɓa samun ikon ba ni ba yana da rai. Na zauna da gawarsa a cinya, tayena ya koma kore. Ta karɓi ƙoƙon daga hannuna, ta cika da ruwan tukunyarta, ta ba ni. Muka zauna muna kallon ruwan sama.

Can ta ce, "Don Elbio, an kafa sabuwar na'ura a Durazno tun bara. Tana da igiya mai bakin motarka, ba ta buƙatar wannan bawan Allah. Duk masu irin motarka can suke tsayawa yanzu."

Na ce, "Haka ne?"

Ta ce, "Kada ka ce min haka ne. Kai ka ba wani mutumin Tacuarembó kwatancenta a gabana." Ta juya torta a kasko. "Shekara uku kana zuwa nan kana ƙona min ganye. Akwai abin da ya kawo ka, ko kuwa kitsen ne?"

Jimlar tana bakina. Na haddace ta, na sa mata taye. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Wannan ruwan zai yi wa makiyaya daɗi."

Ta dube ni, kallon da ba zan manta ba. Ta ce, "Zai yi musu." Ta koma kan kaskonta har motar jan motocin ta zo. Da aka ɗora Chela, na shiga gaba kusa da direba, na ɗaga mata hannu, tana wanke kasko ba ta ɗago ba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan rana ba, kuma har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Wilmar, mai gyaran wuta na unguwarmu, shi ya tabbatar da rasuwar washegari. Ya buɗe cikin marigayin, ya leƙa, ya shinshina, ya ce, "Don Elbio, shekara talatin ina wannan aiki. Na ga wanda tsawa ta kashe, na ga wanda ɓera ya ci. Wannan ne na farko da aka shayar har lahira." Ya roƙi in bar shi ya ɗauki hoto, na ƙi.

Marigayin ya rasu ya bar Chela, wadda ke takaba a gareji, ba ta shan wuta sai ta bangon gida, iyakacinta kasuwa da gidan Solange. Ya bar hannun tsohuwar rigar sanyi da nake sa shi a ciki, har yanzu da siffarsa a jiki. Ya bar bakuna goma sha ɗaya a Rivera da suka yi ƙarshen mako suna shan romo, cikinsu har da wani Don Atilio da ya aurar da 'yarsa ranar Asabar, aka ce a duk hotunan bikin bakinsa a rufe yake kamar wanda bai yarda da angon ba. Ina ba shi haƙuri, ina kuma ba angon.

Ya kuma bar ni, ba aiki. Masu ɗakin haɗa haƙora sun kira ni ranar Litinin, suka ba ni kofi, suka yaba shekaruna ashirin da shida, suka ce daga yanzu bas ne zai riƙa kai akwatunan. Ban ga laifinsu ba, bas ba ya rusuna wa kowa. Solange ta rungume ni ta ce, "Gara haka, Baba, ka huta, hanyar nan ta ishe ka." Ba ta san abin da aka ƙwace min ba. Ba ni da sauran haƙori ko ɗaya da zan kai arewa, ba ni da batir da zai mutu a tsakiyar hanya, ba ni da dattijon da zan ce sai ya huce. Duk hujjojin da nake da su na zama a bencin nan sun bi Don Fermín.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Za a ajiye gawar ranar Asabar mai zuwa, daga ƙarfe uku na rana, a kan murfin akwatin wuta da ke gefen na'urar cajin Paso de los Toros, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba za a binne shi ba, domin Solange ta ce haramun ne a sa irinsa a ƙasa, za a miƙa shi ga masu tattara matattun kayan wuta ranar Litinin, su yi masa abin da ya dace. Ana roƙon masu motocin da za su halarta su cire a kashi tamanin, don girmama dokar da ya sha zagi a kanta. Kada a kawo furanni. Mai zuwa da filas ya rufe murfinsa kafin ya rusuna wa gawa, ni kuma nawa zan bar shi a gida, karo na farko tun ina saurayi. Mutumin Salto, idan wannan ta same ka, an yafe maka, ka zo da surukarka.

Na ba direban bas kwafin wannan sanarwa ya manna a jikin na'urar, ta gefen da ke kallon rumfa, daidai tsayin idon mace mai matsakaicin tsawo.

Doña Nibia, ba kitsen ba ne. Ke ce. Zan sauka daga bas ɗin ƙarfe biyu da rabi, ba mota, ba akwati, ba zancen makiyaya. Ba sai kin ce komai a gaban masu ta'aziyya ba. Idan kin naɗe min torta a takarda, na gane, zan yi godiya in tsaya bakin hanya in jira abin da zai wuce kudu. Idan kuwa kin sa min a faranti, to ki sani tikitin zuwa kaɗai na saya.